Ciwon Hannu Na Masu Wasan Gem

Maigida, wannan darasi naka ne, kai da mutanen gidanka. In kana da ɗa ko ƙane mai buga wasan nan na waya ko na talabijin wanda samari ke kira gem, ka kira shi ya zauna kusa da kai ku duba tare. In ya fi ka saurin karatun boko, miƙa masa takardar ya karanta da ƙarfi, kowa ya ji.

Dattawan Birchi sun san zamanin da wasan samari bai wuce dara da langa da kokawa a dandali ba. A shekarar 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, sannu a hankali har ta kai ƙauyuka. Yau saurayin da ya sayar da buhun wake ya kan dawo daga Dutsin-Ma da waya mai babban gilashi, a cikinta kuwa akwai ƙwallo da yaƙi da tsere. A garuruwa kuma akwai shagunan da a ke ajiye talabijin da na'urar PlayStation, a tayar da janareto ko a jona sola, samari su biya kuɗi su kara da juna a ƙwallon da su ke kira FIFA ko PES. A wurare da yawa dokar shago ita ce wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci kuwa ya zauna ya jira na gaba. Ka ga ke nan gwani ba ya tashi daga benci. Gwanin nan kuma shi ya fi kowa haɗarin kamuwa da ciwon da za mu yi magana a kansa.

Ko ya kamata yaro ya yi wasan ko bai kamata ba, wannan magana ce tsakaninka da ɗanka. Mu abin da ya dame mu shi ne hannu. Hannun da ke danna waya da dare shi zai riƙe fartanya da safe, shi zai riƙe alƙalami ranar jarrabawa, shi kuma zai riƙe kan babur. In ya lalace ba a sayar da wani a kasuwa.

YADDA HANNU YA KE

Buɗe tafin hannunka ka duba. A cikinsa akwai ƙasusuwa 27, takwas daga ciki ƙanana ne kamar tsakuwa, suna jere a wuyan hannu. Yawancin tsokar da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun ta ke ba. Tana can sama, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Dafa wurin da ɗaya hannun, sa'an nan ka motsa yatsunka, za ka ji tsokar tana motsi ƙarƙashin fata.

A Hausa abu uku mu ke kira jijiya, ya kamata ka rarrabe su don ka gane sauran darasin. Akwai jijiyar jini, wannan ka san ta. Akwai jijiyar ji, wadda ke kai labarin zafi da sanyi da taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa, ta kuma kawo wa tsoka umurni. Akwai kuma wadda za mu kira jijiyar ja, watau farar igiyar nan mai tauri da ka ke gani a ƙafar akuya in mahauci ya feɗe ta. Ita ce ta haɗa tsoka da ƙashi. Tsoka ta ja igiya, igiya ta ja yatsa, yatsa ya danna maɓalli.

Jijiyoyin ja na yatsu suna gudu ne a cikin kube, kamar wuƙa a cikin kubenta, da ɗan ruwa mai santsi don kada su goge. To, ka tuna da itacen da a ke girkawa a bakin rijiya. Igiyar guga ba ta da kaifi, amma yau da gobe sai ta yi wa itacen gurbi, ita ma ta zaizaye. Haka jijiya da kubenta su ke. In aka yi ta ja ba hutu, sai kuben ya yi kauri ya ƙuntata, jijiyar ta riƙa wucewa da ƙyar, kowane motsi da zafi.

Watakila ka ce, ai noma ya fi wannan wahala, me ya sa manomi bai cika kuka da babban yatsa ba? Dalili kuwa shi ne mai noma yana aiki da kafaɗa da baya da ƙugu duka, in ya kai ƙarshen kunya ya miƙe ya numfasa. Mai gem ya tattara aikin duka ya ɗora wa manyan yatsu biyu, suna dannawa da sauri ɗaruruwan lokuta kafin a tashi wasa guda, sauran yatsun kuma sun ƙanƙame waya ko abin dannawa ba sassautawa. Aikin ba nauyi, amma wuri ɗaya ya ke ci. Wanda ya fi shan wuya shi ne yaron da ya wuni yana noma da damina, ya kwana yana gem. Hannunsa ba shi da hutu dare da rana.

IRE-IREN CIWON

Wanda ya fi yawa shi ne ciwon gindin babban yatsa. Ya kan fara da tsami a gefen wuyan hannu, daidai inda babban yatsa ya tsiro. Daga baya yaro ya ji zafi in ya matse tsumma, ko ya ɗaga buta, ko ya murɗa mabuɗi. Wani lokaci wurin ya ɗan kumbura. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, shi ya bayyana ciwon nan a 1895, har yau kuwa da sunansa likitoci ke kiransa. Ka ga ashe ya girmi gem nesa ba kusa ba. Mata masu goyo su kan same shi saboda yawan ɗaga jariri, haka masu yawan wanki da matsa. Saboda haka in uwargida ta yi kuka da irinsa, abin da ke cikin takardar nan ita ma ya shafe ta.

Ga yadda za a gwada a gida. Yaro ya kwantar da babban yatsansa a tafin hannu, ya rufe shi da sauran yatsun, sa'an nan ya lanƙwasa wuyan hannun a hankali zuwa wajen ƙaramin yatsa. In ya ji zafi mai tsira a gindin babban yatsa, alama ce. Ya gwada ɗaya hannun kuma don a kwatanta, gama ko lafiyayyen hannu ya kan ɗan ja kaɗan. A yi sau ɗaya a bari, kada a mai da shi wasa.

Na biyu shi ne minjirya da mutuwar yatsu. A gaban wuyan hannu akwai wata 'yar ƙofa matsattsiya, ƙashi a ƙasa, jijiya mai faɗi a sama. Jijiyoyin ja guda tara da jijiyar ji guda ɗaya duk ta nan su ke bi. In aka daɗe da wuyan hannu a lanƙwashe, ko wurin ya kumbura, jijiyar jin ce ke matsuwa, don ita ce mai taushi. Sai mutum ya ji kamar ana tsira masa allurai a babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin wanda ke bi masa. Da dare ya fi tashi, har ya tashe mutum daga barci yana yarfe hannu. Masu ciwon suga da mata masu ciki sun fi saurin kamuwa da shi. In kuwa minjiryar a ƙaramin yatsa ta ke, to, yawanci laifin yana gwiwar hannu ne: yaro ya kwanta rigingine ya lanƙwashe gwiwar hannu yana riƙe da waya sa'o'i, ko ya dogara ta a kan benci mai tauri.

Akwai kuma yatsan da ke maƙalewa. Ka dunƙule hannu, ka buɗe, yatsa ɗaya ya ƙi miƙewa, sai an ja shi ya yi ƙas. Jijiyar ce ta yi ƙulli ta kasa wuce bakin kubenta.

Bororo da saɓewar fata kuwa ba a rasa su. A shekarar 2000 kamfanin Nintendo ya yarda zai raba wa mutane safar hannu a Amurka, bayan hukuma ta karɓi ƙararraki cewa yara suna saɓe tafin hannunsu wajen murza 'yar sandar wani wasa mai suna Mario Party. Bororo kada a fasa shi da ƙaya ko allurar ɗinki. A wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe da filasta, a bar shi ya bushe don kansa. In ya fashe aka shiga gona da shi a buɗe, ƙasa da taki su shiga, abin da bai kai komi ba sai ya zama gyambo.

Ciwo na ƙarshe fushi ke kawo shi. An ci yaro a minti na ƙarshe, 'yan kallo suka yi masa ihu, ya naushi bango ko benci. Ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa shi ya fi karyewa ta haka. In kuwa faɗa aka yi, naushi ya sami haƙorin wani, fata ta tsage a kan gaɓa, kada ka raina raunin don ƙarami ne. Ƙwayoyin cutar bakin mutum miyagu ne, su kan shiga gaɓa su ɓata ta cikin kwana kaɗan. A kai shi asibiti ran nan.

WASAN YA KAN ƁOYE ZAFI

Nan ne wurin da ya kamata ka fi lura. Zafi ɗan aike ne, jiki ke aiko shi ya ce a dakata. Mai sassaƙa in hannunsa ya yi tsami ya kan ji, ya ajiye gizago. Amma mai gasa hankalinsa duka yana kan gilashi, zuciya na bugawa, abokai na zuga shi, ɗan aiken ya yi ta sallama ba mai amsawa.

A 2015 waɗansu likitoci a Amurka suka ba da labarin wani mutum ɗan shekara 29 wanda ya yi mako shida zuwa takwas yana buga Candy Crush a waya kusan dukan yini da hannun hagu. Jijiyar da ke ɗaga babban yatsansa ta tsinke, sai da aka yi masa aiki. Abin mamaki shi ne bai ji wani zafin kirki ba sa'ad da ya ke wasan. Likitocin suka yi zaton daɗin wasan ne ya dushe masa zafin.

Kada samari su ce wannan na marasa gwaninta ne. A ƙasashen waje akwai waɗanda gem ne sana'arsu, ana biyansu albashi, ƙungiyoyinsu na da masu kula da lafiyarsu, duk da haka hannu ya kayar da su. Jian Zihao na ƙasar Sin, wanda a ke kira Uzi, yana cikin shahararrun duniya a wasan League of Legends. A 2020, yana ɗan shekara 23, ya sanar ya ajiye wasa saboda ciwon hannu da ciwon suga, ko da ya ke ya ɗan koma daga baya. Ya taɓa faɗi cewa likita ya gaya masa hannuwansa sun zama kamar na ɗan shekara 40 ko 50. A farkon 2021 kuma Thomas Paparatto na Amurka, wanda a ke kira ZooMaa, gwanin Call of Duty, ya bar gasa yana ɗan shekara 25, saboda ciwon babban yatsa da aka taɓa yi masa aiki ya dawo. Su waɗannan sun tara abin da za su ci. Yaron ƙauye in hannunsa ya mutu, gonar ce za ta kwana.

Saboda haka kada a dogara da abin da yaro ya ji lokacin wasa. A duba abin da ya ji bayan ya tashi, da kuma washegari da safe. In ya tashi da yatsu a sandare, ko ya kasa matse hannu sosai, ko ka ga yana canza hannu wajen ɗaukar bokiti, ciwon ya fara.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

Maganin farko hutu ne, babu kuma wanda ya kai shi. A ajiye wasan gaba ɗaya, har da yawan rubuta saƙo a waya da babban yatsa, gama jijiya ba ta san bambancin gem da WhatsApp ba. In an kama shi da wuri, kwana kaɗan zuwa mako biyu sun isa a ga sauƙi. In an bar shi ya yi watanni, jinyarsa ma watanni ce. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

A kwanakin farko, in wurin yana zafi ko ya kumbura, a sa masa sanyi. In akwai ƙanƙara, a naɗe ta a tsumma a ɗora minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a yini. Kada a ɗora ta a kan fata tsirara. In babu, a jiƙa tsumma da ruwan randa a riƙa canzawa. Bayan kumburi ya sauka, in abin da ya rage sandarewa ce, ruwan ɗumi ya fi daɗi, musamman da safiyar hunturu.

Ciwon gindin babban yatsa yana son a tsare yatsan da wuyan hannu kada su yi ta motsi. Akwai abin ɗaurewa na musamman da a ke samu a manyan kantunan magani, malamin asibiti kuma ya kan iya haɗa wani da bandeji. Likitoci su kan sa a ɗaura shi mako huɗu zuwa shida. Mai minjirya kuwa da dare ya fi bukatarsa, don wuyan hannu ya kwana a miƙe. Ko wane iri ne, kada a tamke. In yatsu suka yi sanyi, ko suka kumbura, ko farce ya canza launi, a kwance nan da nan.

Wajen aikin gida da gona, a sauƙaƙa masa abin da ke bukatar matsa da murɗa, kamar jan guga, da matse wanki, da yankan ciyawa da lauje. Ba a ce ya kwanta ba. Ƙafafunsa lafiya lau, ya iya kora dabbobi, ya iya zuwa aike.

MAGANAR ƘWAYOYI

Farasitamol ya isa ga yawancin irin wannan ciwo. Babba ya sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ya sake sai bayan awa huɗu zuwa shida, kada kuma ya wuce ƙwaya takwas a kwana guda, don yawansa yana lalata hanta. Na yara kuwa a tambayi malamin asibiti. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi da kumburi, amma sai an ci abinci, kuma na 'yan kwanaki ne kawai. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, kada su sha sai da izinin likita. Kada a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin. Haɗin ƙwayoyin nan da masu talla ke ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya, ba ka san abin da ke ciki ba, kada ka saya.

Babban kuskure shi ne a sha magani don a ci gaba da wasa. Wannan kamar mutum ne ya ji ana ihun gobara ya toshe kunne. Mafi muni kuwa tramadol. Waɗansu samari su kan sha shi don gona, su kuma sha don su kwana suna buga gem. Ba ya warkar da jijiya ko kaɗan, zafin kawai ya ke rufewa, yaro ya yi ta ɓarna bai sani ba. Yana kama mutum har ya kasa bari, yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, mai yawa kuma yana kisa. Ba a shansa sai da takardar likita, hukumar NDLEA kuwa tana kama masu fataucinsa. In ka ga fankon katinsa a aljihun ɗanka, maganar ta wuce ta hannu, ka nemi shawarar asibiti.

WANZAMI DA MAI ƊORI

Shafa man kaɗe ko man zafi a hankali ba laifi, in fata ba ta tsage ba. Ya kan kawo ɗan sauƙi, ko da ya ke ba shi ke warkarwa ba. Amma kada a bari wani ya murje wurin da ƙarfi, ko ya ja yatsa wai zai mai da jijiya wurinta. Jijiyar ba ta goce ba, gajiya ta yi.

Tsaga da ƙaho da sakiya ba su da amfani a nan, gama babu wani mugun jini da ya taru. A wuyan hannu jijiyoyin ji da na jini suna dab da fata, aska ta kuskure kaɗan sai a yi asarar da ba ta gyaruwa. Askar da aka yi wa wani aiki da ita ta kan ɗauko ciwon hanta, rauni mai datti kuma ya kan kawo tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora. In karaya a ke zato, a fara ɗaukar hoto a asibiti. Ƙasusuwan hannu ƙanana ne, in suka haɗe a karkace yatsa ya karkace ke nan. Ɗaurin da aka tamke da kara kuwa ya kan tsai da jini har hannu ya ruɓe, likitocin ƙashi sun sha yanke irinsa.

RANAR DA ZA A TAFI ASIBITI

In an huta mako biyu ba sauƙi, a tafi. Kada a jira mako biyun in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: minjirya ko mutuwar yatsa da ba ta saki dare da rana, abu yana suɓucewa daga hannu, tudun naman gindin babban yatsa ya fara lotsawa, yatsa ya maƙale ya ƙi miƙewa, babban yatsa ya ƙi ɗaguwa, wurin ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi ko mugunya, ko kuwa an faɗi ko an yi naushi hannu ya kumbura.

Ka sani kuma ba kowane ciwon hannu ne na gem ba. Yaro mai sikila in hannunsa ya tashi, jinyarsa dabam ce. Mutuwar yatsu tare da wani tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa tana iya zama kuturta, ita kuwa tana da magani kyauta, tana warkewa sarai in an zo da wuri. Don haka ne a ke so ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa.

A fara da asibitin da ke kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka babban asibiti a Kurfi ko Dutsin-Ma, daga nan in da bukata zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959. Abin da likita ya kan yi shi ne ɗauri, da motsa jiki a hannun masana, wani lokaci allura a cikin kuben jijiyar, wadda ke warkar da mutane da yawa. Allurar nan aikin likita ce, ba ta mai kemis ba. Kaɗan ne su ke kaiwa ga aiki, shi ma ƙarami ne, a buɗe kuben don jijiya ta sami hanya.

Abu ɗaya ke ɓata wa likita aiki, watau ɓoye gaskiya. Yaro ya kan ji tsoro a gaban ubansa ya ce faɗuwa ya yi. Kafin ku shiga ka ce masa, "Kai, faɗa wa malam gaskiya, awa nawa ka ke yi a rana. Ba zan taɓa ka ba." Ka kuma cika alkawari. Uban da ke dukan yaro saboda ciwon gem koya masa ɓoyewa ya ke yi, sai ciwon ya girma sa'an nan a sani.

KOMAWA WASA

Mun san yawancin samari za su koma, don haka gara su koma da dabara. Kai saurayi, wannan naka ne.

Kada ka koma sai ka iya matse tsumma da ɗaga buta ba zafi. Ka fara da minti 15 ko 20, ka tsaya, ka ga yadda hannun zai kwana. In lafiya, ka ƙara kaɗan bayan kwana biyu. In zafi ya dawo, ka ja da baya. Wanda ya tashi daga jinya ya zarce gasar dare guda, ya koma inda ya fito.

Kamfanonin da ke ƙera na'urorin nan da kansu sun rubuta a takardunsu cewa a huta minti 10 zuwa 15 a kowace awa. Su da ke son a saya ke nan. Hanya mai sauƙi ita ce, in ka buga wasa biyu ko uku ka miƙa wa wani, ko da kai ka ci. Mai shago ma zai kyauta in ya mai da wannan doka, ba abin da zai rage masa, tun da wani ne zai zauna ya biya.

Kafin ka fara, ka ɗumama hannu, balle da hunturu, don jijiya mai sanyi ba ta son gaggawa. Ka murza tafuka, ka dunƙule ka buɗe sau goma, ka juya wuyan hannu a hankali. Lokacin hutu ka miƙe hannu gaba, ka ja yatsun baya da ɗaya hannun a hankali har ka ƙirga ashirin, sa'an nan ka lanƙwasa su ƙasa ka sake ƙirgawa. Ja ka ke so ka ji. In zafi ka ji, ka wuce iyaka.

Wajen zama, ka sa gwiwoyin hannu kusa da jiki, wuyan hannu a miƙe, kafaɗu a sake. Riƙe abin dannawa kamar yadda ka ke riƙe ɗan tsako, kada ya gudu kada kuma ya mutu. Danna maɓalli da ƙarfi ba ya ƙara wa ɗan wasanka gudu. In maɓalli ya ƙage ko 'yar sandar ta yi tauri, ka ce mai shago ya canza maka. Mai buga na waya ya riƙe ta da hannu biyu, ya ɗora hannuwan a kan matashi ko cinya, kada ya kwanta ya ɗaga ta sama da fuska. Kada kuma ya yi wasa waya tana jone da caji, tana zafi a hannu, balle in wayar cajin ta saɓule.

Barci yana cikin magani, don a cikinsa jiki ke gyara abin da ya goge da rana. Da damina da lokacin girbi, sa'ad da hannu ke wuni a gona, ka rage wasan ƙwarai, ka bar doguwar gasa sai rani. Haka kuma makon jarrabawa.

Maigida, saura abu guda. In ka ga yaro hannunsa na ciwo, ya sani, an gaya masa, amma ya kasa bari, ya bar makaranta da gona da cin abinci a kan lokaci saboda gem, wata da watanni, to, wannan wata cuta ce dabam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtuka a 2019. Ba kowane mai son wasa ke da ita ba, kaɗan ne. In kana zaton ɗanka yana cikinsu, ka faɗa wa likita wannan ma ranar da kuka je a duba hannun.